Ranar da na kira sunan ƴata a bakin gada

Ƙanwata ta dawo gidanmu a Gaya bayan rasuwar innarmu, da ƙwayoyinta a cikin leda. A likita sun ce ciwon nata mai hawa da sauka ne. In ya sauka, kwanciya take ta juya wa duniya baya, ko wanka sai na ja ta. In ya hau kuwa, gidan kansa ya yi mata kaɗan, ga waƙa, ga kitso kyauta, takan rabar da zannuwanta a layi.

Ni ke ba ta magani, ni ke ɓoye wuƙaƙe. Amma ƴata wajenta take gudu.

Yarinyar ƴar fari ce. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "Ke" nake ce mata. Ƙanwata kuwa sai ta ɗaga ta sama, ta rera sunan, ta ƙara masa wutsiya, yarinya na ƙyalƙyala dariya. Ina bakin murhu ina tuƙa tuwo, ina jin abin har cikin haƙorana. Wani lokaci, Allah ya yafe mini, nakan ƙosa ciwon ya sauka don yarinyar ta dawo gindina.

Wata safiya na fito daga wanka ban ga kowa ba. Maƙwabciya ta ce ta ga sun hau kabu-kabu, wai za su Malanbil, garin da ke ƙetaren gadar kan iyaka, sayen takalmi. Na duba ledar, ashe ƙwayoyin kwanaki suna nan ba ta sha ba. Ban san lokacin da na fita da ɗankwali a hannu ba.

A bakin gada na hango su, tsakanin kamyo, manyan motocin kaya, da ke jiran binciken jami'an duwan masu karɓar harajin kan iyaka. Ƙanwata tana ta zuba wa wani direba labari, ta saki hannun yarinyar, ita kuma tana bin wata akuya zuwa ƙarƙashin taya. Na ce "Ke!" Ba ta waiwayo ba. Wace ce ba "ke" ba a wurin nan?

Sai na ƙwala sunanta, a gaban direbobi da masu talla. Ta tsaya cak, ta juyo tana neman mai muryar. Na suri abata.

Ƙanwata ta tafa hannu. "Kai, Yaya! Ashe kin san sunanta?"

"Rufe mini baki, mu je gida ki sha maganinki."

"To, Hajiya likita."

Muka dawo a ƙafa har muka sami abin hawa. Yarinyar tana goye a bayana, ina jin ɗuminta, ina maimaita sunan ƙasa-ƙasa don bakina ya saba. Can ta amsa, "Na'am." Da na waiwaya in dube ta, hannunta ɗaya na riƙe da gefen mayafin ƙanwata. Ban cire shi ba, amma na ƙara tamke goyon.