Ciɗo da Gwangwanin Tabar Likitan Shanu

Kawuna Ciɗo mutumin Kalfu ne, tsohon sojin Faransa. Jamusawa sun kama shi a babban yaƙi, ya sha yunwa da gindin bindiga a sansaninsu, ya komo gida ba haƙoran gaba. Ga taurin kai kamar jakin kuka, amma makiyayan arewacin Adar ba su ƙetare maganarsa.

Bayan samun mulkin kai, ciwon bushiya ya tasam ma shanu. Aka turo wani likitan dabbobi daga Tawa, Bature ɗan ƙasar Finlan, aka ɗauki Kawu tafinta. Makiyaya ba su yarda da allurar ba, suka ce sai in Ciɗo ya ce a kawo.

Ana gobe za a fara, suna zaune gindin gawo, likitan ya miƙa masa taba. A murfin gwangwanin akwai shuɗin gicciye mai lanƙwasassun hannuwa huɗu, irin wanda Kawu ya gani a tutar masu dukansa. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ko sallama babu.

Wallahi ranar na ji haushinsa. Shanun mutane na faɗuwa, shi yana kwance fuska ga bango! Na faɗa masa, ya ce in rufe masa baki.

Likitan ya biyo shi har gida. Ya ce alamar nan ta gwangwanin shaidar sojin sama ce ta ƙasarsu, sun sa ta a jiragensu tun Jamusawan can ba su ɗauke ta ba, kuma a wajensu alamar sa'a ce. Kawu ya san zancen shaida: ya sha ganin lalas iri guda a wuyan raƙuman dangi biyu da ba su ko san juna ba. Amma ya tambaye shi gefen wa suka yi yaƙi. Mutumin ya ce gefen Jamus, don babbar maƙwabciyarsu ta so haɗiye su.

Na ce a raina shi ke nan, shanu sun mutu. Sai na ji Kawu ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai shi ma hular waɗanda suka ci ƙasarsa ya sa, ba a kuwa tambaye shi ba.

Da safe ya jawo saniyarsa guda tilo, ya ratsa taron makiyaya da ita, ya riƙe ƙahonta aka soka mata allura. Kafin azahar garke ya cika fili.

Da aka tashi aiki likitan ya sake fiddo gwangwanin, cikin murna. Na ga Kawu ya kau da fuska.

"Mai da shi aljihu, likita," in ji shi. "Na yarda da kai. Jikina ne bai yarda ba."