Tambarin Jak a Gindin Tanki

Mijin yayata haifaffen Madina ne, jikan mahajjatan da suka zo da ƙafa suka zauna. Ni kuwa daga Sudan na zo da akwatin kayan aikina, na buɗe warshar gyaran wutar mota a hanyar filin jirgi. Na daɗe ina wannan aiki har aka daina kiran sunana, kowa sai "Usta", wato gwanin sana'a. Wannan kalma ita ce duk abin da na tara a garin nan, kuma ita mutumin ya so ya raba ni da ita.

Yana jin Hausa sarai, amma ba ya yin ta. In ka gaishe shi sai ya amsa da Larabci, yana gyara mayafin kansa. Wata shekara ya sayi karafan, motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Ya kawo mini na ja masa wayar firij da fitilu biyu. Ko sannu bai ce mini ba, ban kuma damu ba, don yayata na yi.

Lokacin nunan dabino suka tafi Khaibar, shi da yayata da Innarmu, suka kwana biyu. A hanyar dawowa, da tsakar rana, mota ta yi tari ta mutu. Mai ya ƙare tas, amma allurar mai tana tsaye a kan rubu'i. Ya wuce gidan mai ke nan bai tsaya ba, don allura ta ce masa akwai saura. Innarmu ta sha zafi har numfashinta ya fara sama-sama kafin wani mai babbar mota ya taimaka musu.

Duk Juma'a bayan la'asar mazan danginmu da maƙwabta kan taru a gidan Kawu, dattijon da ya riƙe ni lokacin da na zo garin. Ana shan gahawa, ana cin dabino. A nan mijin yayata ya miƙe, ya nuna ni da yatsa. Ranar kuwa Hausa ta zo masa, tsaf, babu gargada, don tsofaffi su ji da kyau.

"Ku yi hattara da hannun yaron nan," in ji shi. "Ya taɓa mini mota, ya kusa kashe uwarsa a rana. Wannan ba usta ba ne, lalube yake yi."

Kawu ya sunkuyar da kai. Washegari ya aiko aka ɗauke motarsa daga warshata, ko buɗe ta ban yi ba. Bayansa wasu suka bi. Na zauna ina kallon kayan aikina, zuciyata na tafasa. Ban ɓoye wa kaina ba: so nake in ga mutumin nan ya ji kunya a inda ya kunyata ni, a gaban mutanen da suka ji shi.

Ya kai motar wurin makanikai biyu. Na farko ya canja agogon mai. Na biyu ya canja awwama, wato 'yar ƙwallon da ke yawo a kan mai cikin tanki, tana gaya wa allura inda mai ya kai. Duk a banza, allura ba ta sauka ƙasa da rubu'i. Daga ƙarshe yayata ta zo da kanta.

"Ƙanena, don Allah ka duba masa. Girman kai ne ya hana shi zuwa."

"To, Yaya, a kawo."

Ta ɗauka tausayi ne. Wallahi babu ko ɗigon tausayi a ciki.

Na rufe warsha na fara daga inda aka zarge ni. Na bi wayar firij tun daga batir har ƙarshenta, ko kusa da wayar mai ba ta bi ba. Na duba fiyus, lafiyarsa lau. Na cire wayar da ta fito daga tanki, allura ta tafi ƙarshe. Na taɓa ta da jikin mota, allura ta koma ɗaya ƙarshen. Agogo ba shi da laifi ke nan, waya ma haka. Na zaro awwamar waje, na riƙa ɗaga hannunta ina saukewa, allura na bi tiryan-tiryan har ƙasa. Na mayar da ita cikin tankin da na tsiyaye kaf, allura ta sake maƙalewa a rubu'i. Na ce a raina, to, akwai abin da ke tare ta a ciki.

Na kwanta a ƙarƙashin motar, na goge ƙurar gindin tankin da tsumma. Sai ga shi: ƙarfen ya lotsa ciki, kamar an danna gindin kwano da dunƙule, daidai ƙarƙashin awwama. A tsakiyar lotsawar akwai tambari zagayayye mai haƙora huɗu. Na buɗe akwatin gefen motar, na ɗauko jak ɗinsa, na ɗora kansa a wurin. Ya zauna daram. Na kwanta a nan ƙasa ina dariya ni kaɗai.

Na kira yayata, na yi murya kamar ta hira. "Yaya, a Khaibar kun yi faci ne?"

"A'a. Wurin ne ba daidai ba, duk duwatsu. Motar ta karkace, butar gahawarsa sai zamewa take daga kan tire. Ka san shi da gahawa. Shi ne ya sa jak ya ɗaga gefe ɗaya."

Ashe ya leƙa ƙasa ne ya ga ƙarfe mai faɗi, ya ce ga wurin jak. Don kada gahawarsa ta zube ya ɗora nauyin gida guda a kan tankin mai.

Ranar Talata na gano wannan. Ina iya kiransa in gaya masa mu biyu, magana ta mutu. Na yi tunanin hakan, na kuma ƙi. Na sa wa motar wani tankin, na gwada allura ta sauka har ƙasa, na wanke tsohon na ajiye. Na jira Juma'a.

Ana cikin zuba gahawa na shigo da tanki a kafaɗa, jak a hannu. Na kifa shi a tsakiyar darduma, kusa da farantin dabino.

"Kawu, ka yi haƙuri da dattin. Ina roƙon ka ɗora wannan a kan wannan da hannunka."

Kawu ya sa tabarau, ya ɗora kan jak a kan tambarin. Ya juya shi, ya sake ɗorawa. Na bayyana musu yadda awwama ke sauka ta zauna a kan tudun da lotsawar ta yi a cikin tanki, allura ta tsaya, mai na ƙarewa. Sannan na ba da labarin butar gahawa, a hankali, ban rage komai ba. Wani tsoho ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Mijin yayata ya yi gumi. Ya gyara mayafi, ya ce da Larabci, ƙasa-ƙasa, wai a yi haƙuri, kuskure ne.

Na ce, "Yaya, da Hausa ka zage ni."

Ya dubi Kawu yana neman ceto. Kawu ya ci gaba da juya jak a hannunsa.

"Laifina ne," in ji mijin yayata da Hausa. "Ka yafe mini, Usta."

Kawu ya laluba aljihu, ya turo mini makullin motarsa a kan darduma.

Yayata ta yi wata guda ba ta amsa wayata ba. Da ta amsa, abin da ta fara tambaya shi ne ko na huce. Na ce mata na yafe, tunda ya roƙa a gaban mutane. Ta ce to in jefar da tankin. Na ce wannan kam a'a. Yana nan rataye a ƙofar warsha, gindinsa na kallon titi, kuma ta nan mijinta yake bi duk safiya in zai tafi aiki.