Baba Surajo da Masarar Kan Dogo

Baba Surajo bai taɓa tsoron jirgin ƙasa ba, kuma da ya ji tsoron da ya fi mana sauƙi.

Ni maƙwabcinsu ne a McLeansville, gabas da Greensboro a Amurka, inda gidaje ke warwatse tsakanin gonaki, layin dogo kuma ya ratsa ta bayanmu. 'Yarsa Mubina ce ta ɗauko shi daga Nguru bayan rasuwar mahaifiyarta, ta kuma rantse cewa muddin tana numfashi ba za a kai ubanta gidan tsofaffi ba. Tsoho ne siriri, kunnensa ɗaya ya mutu, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna. In ka tambaye shi labarin tabon, to ka nemi kujera.

Yana saurayi ya shiga reluwe. Aka sa shi a wani ƙaramin kan jirgi mai tururi, irin wanda ke ɗauke da ruwansa a tankuna biyu a haƙarƙari. Tun zamanin Turawa aka kawo shi, ya girmi duk masu aiki a kansa. Ba ya doguwar tafiya. Cikin tasha yake yini, ya jawo taragun gero da dawa ya haɗa su, manyan jirage su kwasa zuwa Kano. Baba ne mai zuba masa kwal, har ranar da masu shan dizal suka zo aka ture shi gefe ya yi tsatsa.

A tashar nan, in ji shi, buhu kan yage hatsi ya zube tsakanin ƙarafa, tsofaffi da matan ma'aikata su zo da tsintsiya da faifai. Ba mai hana su. In kan jirgin ya taho, mai shara ya ɗaga hannu, direba ya ja birki ya jira, don tafiyar tasa ba ta wuce ta jaki ba. "Wa zai taka abinci?" in ji Baba.

To nan ma jiragen hatsi ke wucewa, masara ce ta abincin kaji, taragu ba iyaka. Akwai wata kwana a bayan gidajenmu inda takan ɗan zube. Baba ya gano wurin. Mubina na wurin aiki tun safe, mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba. Tsoho ya ɗauki tsintsiya da kwano.

"Baba, trespass ne fa, shiga filin reluwe laifi ne, police za su kama ka," in ji Mubina. "Ga masara nan a store, ko buhu nawa kake so."

"Ba yunwa ce ta kai ni ba, 'yar nan. Abincin Allah ne a ƙasa."

Ta ɓoye tsintsiya, ya debo da hannu. Ta kulle ƙofar gaba, ya fita ta kicin. A masallaci kuwa kowa malami ne: ai mu ba ma jefar da iyayenmu kamar Turawa. Har yau maganar nan na ba ni haushi, don cikin masu faɗinta ba wanda ya taɓa zuwa ya yini da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata Asabar da hantsi ina yankan ciyawa na ji jirgi yana ta busa ba tsayawa. Na leƙa ta shinge. Ga Baba tsaye tsakanin ƙarafa, kwano a hagu, hannun dama a sama, hankalinsa kwance. Ihu ba zai yi amfani ba, mataccen kunnen ne ta wajena. Na tsallake shingen, na fizgo shi ta wuyan riga, muka zube a kan tsakuwa. Jirgin yana ta kukan birki ya wuce mu, bai tsaya ba sai can nesa. Baba kuwa fushi ya yi.

"Wane irin direba ne wannan? Bai ga hannuna ba?"

'Yan sanda suka zo, bayansu wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Ba ta yi tsawa ba. Ta ce ko dai a samu mai zama da shi dukan yini, ko a kai shi inda ake kulle ƙofa. Mubina ta nemi mai zama, ta rasa. In ta bar aiki kuma maganinsa ya yanke.

Ni na tuƙa su zuwa gidan tsofaffin, can wajen Sedgefield. Wuri ne mai tsabta, ba laifi. A bakin ɗakin da aka ba shi Baba ya cire takalmansa, kamar kowane baƙo mai ladabi, ya gai da ma'aikaciyar gidan da Hausa, ya zauna a gefen gado. Can ya dubi 'yarsa.

"Mubina, yi sallama da masu gida mu tafi, kada mu takura musu. La'asar ta kusa."

"To, Baba. Bari in matso da mota."

Muka fito. Ta shiga gaba ta rufe fuskarta da mayafi. Da na juya motar na hango shi ta taga. Ya riga ya miƙe tsaye, takalmansa a hannu, yana kallon ƙofa.