Kabarin da Na Kasa Nunawa

Daminar da ta wuce ce ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar mahaifiyata. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Idan ranar ta zagayo, nakan sa a yi mata addu'a a masallacin unguwarmu a nan Inugu, in tafi makaranta in koyar da lissafina, in dawo gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ƙanwarta ta taso tun daga ƙasarsu ta ce in kai ta kabarin yayarta, ni kuma na kasa.

Mama 'yar ƙasar Filifin ce. Tana cikin malaman da aka ɗauko daga can lokacin da makarantun sakandaren Arewa ke neman masu koyar da lissafi da kimiyya. A Arewar ta haɗu da mahaifinmu, malamin dabbobi, ta musulunta, ta zaɓi suna Maryam, suka yi aure. Mahaifinta ya aiko mata da wasiƙa ɗaya, ya ce tunda ta zaɓi haka kada ta sake taka gidansa. Da aikin duba nama ya kawo Baba mayankar Trans-Amadi a Fatakwal, ta biyo shi, ba ta ƙara barin garin ba. Da farko 'Yar Caina ake ce mata a unguwa. Ta yi ta gyara wa mutane har ta gaji. Sai da ta fara tara 'yan matan unguwa a tsakar gidanmu tana koya musu lissafi kyauta sannan sunan ya koma Malama, kuma da shi aka yi mata salla.

Ba mai yawan zancen gida ba ce. Rana ɗaya tak a shekara take yinsa, a ƙarshen watan Disamba. Takan je kasuwar Creek Road tun jajiberi ta zaɓo kifi. Da safe ta dafa shi da tsami irin na garinsu, ta zaunar da ni da ƙannena biyu mata, ta ba mu labarin Likita. Haka kawai ake kiransa a gidanmu.

Likitan ido ne, in ji ta, ɗan ƙasarsu, a zamanin da Turawan Sifaniya ke mulkinsu. Ya yi karatu a Turai, ya rubuta littattafan da suka tona yadda ake zaluntar talakawa. Da ya dawo gida sai aka kama shi, ba shari'a ba komai, aka kai shi wani ƙaramin gari na bakin teku a can kudu, aka ce kada ya fita. Garin nan shi ne garin su Mama. Shekara huɗu ya yi a can. Ya buɗe makaranta, ya jawo wa mutane ruwa, yana duba marasa lafiya. Kakar Mama tana budurwa a lokacin, ita ta ja tsohuwarta da sanda zuwa wurinsa saboda yanar ido, bayan 'yan makonni tsohuwar ta koma tana zura zare a allura da kanta.

Daga baya ya nemi izinin tafiya aikin likita a wata ƙasa, aka ba shi. Yana cikin jirgin ruwa tawaye ya riga ya ɓarke a gida, sai aka tsare shi aka juyo da shi. Kotun soja ce ta zauna. An ba shi jerin sunayen hafsoshi ya zaɓi wanda zai kare shi. Ya ce ba da hannunsa aka yi tawayen ba, ya ma hana, ba wanda ya saurara. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi bai gama ɗagawa ba, aka fito da shi a ƙafa zuwa wani fili. Waɗanda aka ba bindigogin 'yan ƙasarsa ne, sojojin Turawa na tsaye a bayansu ko za su ƙi. Ya roƙi a bar shi ya fuskance su, aka ce a'a, ta baya ake harbin maci amana. Da harsashi ya same shi sai ya murɗa jikinsa, ya faɗi fuskarsa na kallon sama.

A nan Mama take tsayawa kullum. Ba ta kuka, muryarta ba ta canzawa, kamar mai karanta sunayen 'yan aji. Wata shekara, ina ɗan sakandare, na ce, “Mama, to bayan ya faɗi fa?”

“Sai aka watse,” in ji ta. “Ku ci kifinku kafin ya huce.”

Gaskiya mu labarin ya ishe mu. Ƙannena sukan riƙa motsa baki suna bin ta kalma da kalma idan ta juya. Baba ne kaɗai yake ajiye rediyonsa ya saurara kamar bai taɓa ji ba.

Jinyar Mama ba ta yi tsawo ba. Ta cika da safe ana ruwa, kafin la'asar mun kai ta. Ina cikin masu ɗaukar makara, ni na shiga kabarin na karɓe ta. Abin da na iya tunawa daga ranar shi ne silifas ɗina ya maƙale a taɓo, na tsaya ina ciro shi mutane na jira. Wani ya kafa guntun kwanon rufi da aka rubuta sunanta da fenti. Sai bayan kwana biyu na tuna ban sanar da danginta ba. Na nemo lambar ƙanwarta, Inna Rosa, a cikin jakarta, na faɗa mata da Turanci. Ta tambayi ranar da za a yi jana'iza. Na ce an yi shekaranjiya. Ta ajiye wayar.

Baba bai jure zaman gidan ba. Ya koma garinsu a Arewa, can ya rasu. Ƙannena suka yi aure, ni aiki ya kawo ni Inugu. Na je makabartar sau biyu a shekarar farko, daga nan kullum sai in ce sai wani hutun.

Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga yau. Wayar da ke aljihuna tana nuna fuskar mutum daga ƙarshen duniya, ita kuwa ta yi fiye da rabin rayuwarta tana jiran wasiƙar da ke yin watanni a hanya. Unguwar da ta sani ta cika da samarin da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, suna tura baro, suna haya da babur na okada, ba wanda ya yanke musu hukunci amma ba halin komawa. Da na so in ce za ta kwatanta su da Likita, amma na san ta. Tambayarsu za ta yi ko sun iya lissafin canji, in ba su iya ba ta shimfiɗa musu tabarma.

Inna Rosa ta iso Fatakwal cikin watan Agusta, tsohuwa ƙarama mai furfura, da 'yar jaka a rataye da ba ta yarda kowa ya riƙe mata. Na je tarbarta, na gan ta, na ga Mama sak, har yadda take karkata kai in ana magana. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na karɓi akwatinta na tambaye ta ya hanya.

Ta ce in fara nuna mata inda yayarta ke zuwa. Na kai ta Creek Road. Wata tsohuwa mai kifi ta ɗago ta gan ta, ta saki wuƙa, ta ja da baya tana kiran sunan Allah da Turancin broka, sai da na rantse mata ƙanwa ce. Sannan ta rungume ta, ta cika mata leda da kifi ta ƙi karɓar ko kwabo.

Washegari na nemi izinin liman, tunda mace ce kuma ba Musulma ba. Ya ce wadda ta ƙetaro teku saboda 'yar'uwarta ba a tsayar da ita a bakin ƙofa, ta dai rufe kanta. Muka shiga makabartar da hantsi tare da Malam Audu, dattijon da ke haƙar kabari a wurin tun kafin a haife ni. Na nufi inda nake zato. Babu kwanon rufi, babu tudu. Ruwan shekara goma sha biyu ya daidaita ƙasar, ciyawa ta kai gwiwa, an yi sababbin layuka a inda na san hanya ce.

“Layin nan ne, wannan ba shakka,” in ji Malam Audu. “Amma daga bishiyar can zuwa katanga mutum ya fi talatin.” Ya dubi tsohuwar, ya rage murya ko da yake ba ta jin Hausa. “Ɗana, ka nuna mata ɗaya mana. Hankalinta ya kwanta. Duk 'yan'uwa ne.”

Har na ɗaga hannu. Akwai wani wuri mai ɗan tudu kusa da ƙafata, da na nuna shi da magana ta ƙare. Sai na sauke hannun na ce, “Inna, ban san wanne ba ne. Ni na sa ta a ciki, amma ban sani ba.”

Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallon ciyawar, sannan ta ce, “Tana ba ku labarin Likita?”

Na ce kowace shekara.

“Har inda yayarsa da ƙannensa suka roƙi gawar aka hana su?”

Na ce a'a, a faɗuwarsa take tsayawa.

A tsaye a wurin ta ƙarasa mini. An binne shi a ɓoye, ba akwati, ba alama. Wata 'yar'uwarsa ta yi ta bin makabartun birnin ɗaya bayan ɗaya, har ta ga wani wuri da sabuwar ƙasa da masu gadi a kusa. Ta lallaɓi mai kula da makabartar ya sa wata 'yar alama da haruffan sunansa a juye, don kada hukuma ta gane. Da haka aka san inda yake.

“Wannan wurin na labarin ta fi so muna yara,” in ji Inna Rosa. “Ita take fitowa a matsayin 'yar'uwar idan ana wasan makaranta.” Ta gyara ɗankwalin da matata ta ara mata. “Da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo mun rubuta mata sau uku ta dawo. Ta ukun Babanmu ne ya rubuta da hannunsa. Ba ta zo ba, ba ta amsa ba. Ba ta taɓa ganin kabarin uwarta ba.”

Ni na kwashe kayan Mama bayan rasuwarta. Wasiƙar korar na gani, a ninke cikin leda. Ban ga sauran ukun ba. Ko ba su iso ba, ko sun iso ta yaga, babu wanda ya rage da zan tambaya. Haka na faɗa wa Inna Rosa, ta gyaɗa kai kawai.

Sai ta buɗe 'yar jakar nan ta fito da kwalba cike da yashi, na bakin tekun garinsu. Ta zo da shi ne ta zuba a kan kabarin. Ta riƙe kwalbar tana duban layin, ba ta san inda za ta nufa ba. Na fassara wa Malam Audu. Ya ce ƙasa duk ta Allah ce, ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ya fara daga gindin bishiyar, yana barbaɗawa kaɗan-kaɗan kamar mai yafa iri, yana tafiya a hankali don ya isa. Ya isa har katanga.

Ta koma ƙasarsu bayan mako ɗaya. A filin jirgi ta shafa kaina, ta ce in gaida yara.

Mutane na tambayata yaya na ji. Ba na son yin ƙarya a jarida: har yanzu ban yi kukan Mama ba, kuma na daina jiran ranar. Abin da ya rage nata ba shi da yawa a hannuna. Akwai matan aure a Fatakwal da Anaca da ke riƙe da shagunansu da lissafin da suka koya a tsakar gidanmu. Akwai labarin wani mutum da aka kashe a ƙasar da ban taɓa gani ba, wanda yanzu na san ƙarshensa. Sai kuma layin nan.

Tun tafiyar Inna Rosa, duk ƙarshen wata nakan hau mota daga Inugu in je. Malam Audu ya faɗa mini waɗanda ya iya tunawa a wurin: wani direban tirela, wani mahauci, wata mata da ta rasu wurin haihuwa, wasu leburori biyu da ba wanda ya zo nemansu. Nakan tsaya a gindin bishiyar in yi musu sallama gaba ɗaya, in nome ciyawar daga nan har katanga, in roƙa musu gafara da jam'i. Mama tana cikinsu. Allah Ya jiƙan su duka, Ya haskaka musu makwanci.