Kurciyar Iya Dije a Sulay

Lodin kaya nake yi a wani sito a Sulay, wata unguwa can ƙasar Makka, kuma a ɗakinmu ni kaɗai ne Bahaushe. Wata Juma'a 'yata ta turo mini sabon faifan wata mawaƙiyar zamani ta waya. Ta ce yanzu tsofaffin waƙoƙi ake yayi, har masu waƙar soyayya sun koma tonon waƙoƙin daka da na dandali. Na sa a kunne ba da wani ɗoki ba. Can cikin faifan sai ga waƙar kurciya, an ɗora mata jita da ganga. Na tashi zaune.

A bakin kakata, Iya Dije, na san waƙar nan. A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, in sanyi ya shigo, takan hura wuta da karan gero bayan lisha, mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ba ta farawa sai kowa ya yi tsit.

Wai yunwa ce ta kori wata kurciya zuwa gabas. Ta sami garin da hatsi ke zube a ƙasa, ta ci ta murmure. Kullum da yamma takan hau reshe ta rera sunayen 'yan gidansu don kada ta manta, amma kowace shekara suna ɗaya yakan ɓace mata. Ranar da ta yi niyyar komawa, suna ɗaya tak ya rage a bakinta.

"To, Iya, ta koma?"

"Ku tashi ku kwanta," takan ce, "wuta ta mutu."

Mawaƙiyar ta rera da kyau, sai dai sunayen da ta jera baƙi ne a gare ni. Na Iya daban ne, kuma na ƙarshe kullum Dije ne. Mu yara dariya muke yi, wai ta cusa kanta cikin tatsuniya. Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa Iya tana da wa, wanda ya tafi Makka a ƙafa tun tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sunayen gidan ubansu ne take jerawa.

Da ina yaro na ɗauka kwaɗayi ake hana mu da tatsuniyar. Yanzu da ni ma nake gabas ɗin, iƙamata, takardar izinin zama, a hannun kafilin da ya ɗauke ni aiki, na gane Iya ba ta taɓa ganin laifin kurciyar ba. Jira take yi. Shi ya sa har ta bar duniya ba ta yarda ta ƙarasa labarin ba.