Direktanmu da Muhawarar Faransanci

Aikina na farko na koyarwa a wani ƙauye ne kusa da Tajaye, a farkon shekarun dubu biyu. Direktan lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, dattijo ne mai furfura, shi ya koyar da iyayen yawancin ɗalibanmu. Kowa ya san jam'iyyarsa, ƙaninsa ma shi ne shugabanta a garin.

Direktan kaɗai ke da tele, akwatin talabijin mai aiki da batirin mota. Shekarar zaɓe aka ce za a maimaita muhawarar 'yan takara biyu ranar Lahadi bayan la'asar. Aka ɗora telen kan tebur a inuwar dogon yaro, maza suka shimfiɗa tabarmi, mata suka jeru jikin katanga. Da Faransanci ake yi, sai aka ce direkta ya fassara.

Na zauna gefe ina jiran in ga yadda zai ƙara wa nasa gishiri. A Konni na taso, na sha ganin tafintan da ke mai da tari hikima in na gidansu ne ya yi shi.

Ɗan jarida ya tambaye su yadda za su yi da tsadar hatsi kafin sabo ya nuna. Ɗan takarar direkta ya fara, ƙato mai murya, yana ɗaga hannu, har waɗanda ba su jin Faransanci suna gyaɗa kai. Direkta ya fassara tsaf. Wani tsohon manomi ya kira shi da laƙabin da ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, to mi yac ce game da hatsin?"

"Bai ce komi ba, Baba. Zancen hanyoyi da mutuncin ƙasa ya yi. Tambayar na nan inda anka aje ta."

Ɗaya ɗan takarar ramamme ne, ga i'ina, yana magana yana goge gumi. Samari suka fashe da dariya. Direkta ya ɗaga hannu, suka yi tsit, ya ce mutumin yana son kowane gari ya sami rumbun tsimi, a sayi hatsi da kaka, mata su riƙe mabuɗi, kuma ya faɗa da bakinsa cewa bai san ko abin zai kai ko'ina a shekara ɗaya ba. Cikin Hausa mai santsi ya kawo maganar, ya bar i'inar a can cikin tele.

Ƙaninsa ya miƙe, fuska a murtuke. "Yaya, kai namu ne ko nasu?"

"Naku nike. Amma mutanen ga kunnena sunka ara. In sun tambaye ni wa zan zaɓa, sai in gaya musu. Yanzu abin da anka ce sunka tambaya."

Da aka gama, wata dattijuwa daga jikin katanga ta ce, "Mushe, wa ya ka da wani?"

"A murya da tsayuwa, namu, Inna. A amsa, wancan. Sauran kuma ku kuka san abin da kuke nema."

Nan gardama ta kaure. Wasu na cewa shugaba ba ya cewa bai sani ba a gaban jama'a, dattijuwar na cewa ita da wannan kalmar ma ya saye ta. Har aka kira magariba ba a rabu ba.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Ƙaninsa ya daina cin tuwo da shi, 'yan jam'iyyar suka ɗauke hirarsu daga ƙofar gidansa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Wata rana muna share allo na ce, "Mushe, ke nan ka sauya?"

Ya yi dariya. "Nawa zan zaɓa, ɗana. Na daɗe ina bin aikinsa, yammaci guda ba ya raba mu. Ran nan dai bai yi amsa ba, ni kuwa ba ni yi mai."

Nasa ya zaɓa. Bayan zaɓe da 'yan makonni ƙaninsa ya dawo da kwanon tuwonsa, direkta ya matsa masa a tabarma. Daga baya 'yan ɓangarorin biyu wurinsa suke kawo rediyo in an yi jawabi da Faransanci. Ni kuma aka mai da ni Malbaza, can na ji labarin ya yi ritaya ya koma gonarsa ta wake.