Ba a Biya Ka Ba Ne, Malam?

Ba a daɗe da ba mu jihar Yobe ba na ajiye koyarwa a makarantar gwamnati, na koma yin lesin gida-gida a Potiskum. Lissafi da Turanci nake koyarwa. Jarina bai wuce keke da alli da wani ɗan allo da nake ɗaurewa a kariya ba. Da an yi la'asar sai in kama hanya, daga wannan zaure zuwa wancan.

A wancan lokaci hanyar biyan mai lesin ɗaya ce. In wata ya ƙare uban yaro zai kira ka zaure, a kawo ruwa, ya tambaye ka yadda yaron yake, ka faɗa masa gaskiya ko ka ɗan rage mata ɗaci, sannan ya sa hannu a aljihu. Wani ya cika kuɗin, wani ya ce ka yi haƙuri sai an ci kasuwar shanu. Akwai wani manomi daga Danchuwa da wake yake kawo mini in kaka ta yi. Ban ce duka mutanen kirki ne ba, don akwai wanda za ka yi ta yi wa sallama har muryarka ta dushe. Amma ko mai taurin bashi, dole wata rana ku haɗa ido, kuma dole ya ji labarin ɗansa, yana so ko ba ya so.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in aka haɗa ni da wani Alhaji mai tireloli a Dogo Tebo. Kakanninsa fatake ne daga Kano, mutane masu kunya da sanin darajar baƙo, kamar yadda dattawa suke faɗa. Shi dai motocin ya gada. Irin mutanen nan ne da in sun je Legas sun kwana biyu sai su dawo suna kallon garinsu kamar aiki aka turo su. Kullum ƙofar gidansa cike take da 'yan kanzagi, masu yin dariya tun kafin ya kai ƙarshen magana. Ɗansa na fari aka ba ni, yana ajin ƙarshe na sakandare. Yaro ne mai shiru-shiru, ba daƙiƙi ba, sai dai in mota ta wuce a titi yana iya gaya maka abin da ke damun injinta, amma in ka rubuta masa lissafi a allo sai idonsa ya yi ja kamar an hura masa hayaƙi.

Da watan farko ya ƙare aka ce Alhaji na kira. Na same shi a kishingiɗe, mutanensa sun kewaye shi. Bai tambayi yaron ba. Sai ya zaro wani ɗan abu daga aljihun gaba, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Malam, ka san mene ne wannan?"

Na ce, "Kati ne, Alhaji."

"Ku ji fa, wai kati! Kuɗi ne wannan, Malam. Ka ga ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare? Kuɗin da ke cikinsa ya fi ƙarfin aljihunka. A Legas yanzu babu mai yawo da takardun kuɗi sai ɗan ƙauye."

'Yan kanzagi suka ɗauka da "Allahu Akbar" da "duniya ta zo ƙarshe". Ya miƙo mini katin ya ce in ciri kuɗina. Na juya shi gaba, na juya shi baya, na ce, "Ta ina ake cira, Alhaji?"

Aka tuntsire da dariya. Har da wanda na san ko sunansa bai iya rubutawa ba yana riƙe ciki. Alhaji ya share hawayen dariya ya ce na'ura ake sakawa, kuma duk mai sana'ar da ya san abin da yake yi ya kamata ya mallaki tasa. Ya ce in zo da safe zai kai ni banki da kansa a ba ni.

Washegari kuwa ya ɗauke ni a motarsa, ya wuce da ni kai tsaye ofishin manaja, ko layi ba mu kalla ba. Ya ajiye katin a kan tebur ya ce a ba malamin ɗansa na'ura. Manajan ya ɗauki katin yana jujjuyawa kamar yadda na yi jiya, sai dai shi babu wanda ya yi masa dariya. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na'urar nan ba ta iso mana ba. Ko a Damaturu ban ji an ce akwai ba. Sai Legas, sai kuma wasu manyan kantuna a Kano."

Fuskar Alhaji ta yi kamar an kwance masa rawani a kasuwa. Manajan kuwa ba zai yarda mai tireloli ya fita daga ofishinsa da ɓacin rai ba, sai ya yi maza ya kawo wata dabara. Ya ce akwai abin da ma ya fi katin: Alhaji ya sa hannu sau ɗaya, ya ba banki oda ta dindindin, duk ƙarshen wata su ɗebi kuɗin lesin daga asusunsa su zuba a nawa, ba sai an tuna wa kowa ba. Ya ƙara da cewa manyan mutane kaɗai ke yin haka. Wannan kalma ta "manyan mutane" ita ta dawo wa Alhaji da numfashinsa. Nan take aka buɗe mini asusu, ya sa hannu da wani irin jan biro kamar mai rattaba yarjejeniyar ƙasa da ƙasa.

Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Shi ke nan, Malam. Daga yau ba sai mun ga juna ba." A ganinsa alheri ya yi mini.

Farko-farko kam na ji daɗin abin. Wata na ƙarewa kuɗi na shiga, babu sallama, babu "dawo gobe". Wahalar ita ce layin banki, da kashiya mai kallon ɗan kuɗin da za ka cira kamar ka ɓata masa lokaci. Amma matata har cewa take da ma duk iyayen yara su yi haka mu huta.

Ba a yi nisa ba yaron ya fara fashi. Yau a ce ya je aike, gobe a ce kansa na ciwo. Daga baya ma sai in zo in jingine keke, in kafa allo, in zauna ni kaɗai a zaure har a kira magariba. Da na bincika aka kwatanta mini wani gareji can bayan tasha. Na je na tarar da ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin wata tirela. Ya fito jikinsa duk baƙin mai, ya durƙusa ya gaishe ni.

Na ce, "Nan ka mayar da aji?"

Ya ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi ba raina ka na yi ba. Abin ne ba ya shiga."

"Babanka ya san kana nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba ya tambaya."

Daga nan na shiga neman Alhaji. Na je gida, maigadinsa, wani tsoho mai Hausa da ɗanɗanon Barebari, ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce, "Malam, ba a biya ka ba ne?" Na ce an biya. Ya ce to Alhaji na hutawa. Na je ofishinsa na tasha, akawunsa ya ɗago kai ya yi mini tambaya iri ɗaya, har da jawo waya zai kira banki. A gidan nan kaf babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa malami zai nemi uban yaro don wani abu da ba kuɗi ba. Na sa matata ta shiga wajen Hajiya, uwar yaron. Ita kam ta yi kuka, ta yi masa faɗa, ya zo lesin kwana kaɗan ya sake ɓacewa. Ta aiko cewa ta gaya wa maigidan, ya ce ai an ɗaukar masa malami.

Sai wata Juma'a na tare shi bayan an idar da salla, yana shirin shiga mota.

"A'a, Malam! Kuɗinka bai shigo ba?"

"Ya shigo, Alhaji."

"To alhamdu lillahi."

Na ce, "Maganar yaron ce. Ya daina zuwa lesin. A gareji yake yini, ga jarrabawa ta matso."

Ya kalle ni kamar na ce ya zo ya tura mini keke. Ya ce, "Ai shi ya sa nake biyan ka. In ni zan riƙa bin yaro lungu-lungu, kai mene ne amfaninka?" Direba ya ja, suka bar ni a tsaye da hannu a miƙe.

Na daina zuwa gidan. Na koma banki na ce su dakatar da kuɗin tunda ba na aikin. Ma'aikacin da na samu ya ce ba hurumina ba ne, wanda ya ba da oda shi kaɗai zai iya soke ta. Ya juya wajen abokin aikinsa yana cewa, "Ka ga ikon Allah, ana ba mutum kuɗi yana kawo ƙara." Don haka na bar su suna taruwa, ban taɓa ko kwabo ba. Na san irin mutumin da nake hulɗa da shi. Ranar da abin zai fashe, kuɗin nan su zai fara nunawa.

Haka kuwa aka yi. Sakamako ya fito, yaron ya faɗi warwas. Ranar ce ta farko da Alhaji ya nemi sanin inda gidana yake. Motarsa ta kasa shiga lungunmu, ya tako da ƙafa yana tattare babbar riga, 'yan kanzagi biye da shi. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Malam, akwai watan da ban biya ka ba?"

"Babu, Alhaji."

"Ku shaida! Babu fashi ko na kwana ɗaya. Wane uba ne a garin nan ya yi wa ɗansa abin da na yi? Ka ci kuɗina, ka bar mini yaro ya faɗi!"

Maƙwabta suka fara fitowa. Na ce, "Alhaji, na tare ka a bakin masallaci na gaya maka ya daina zuwa."

Ya ce shi bai tuna ba. Ɗaya daga cikin mutanensa ya cafe, "Ai Alhaji abubuwa sun yi masa yawa a ka." Na ce haka ne, na ga alama. Alhaji ya nuna ni da yatsa ya ce daga yau ya kore ni.

Na ce, "Ai na daɗe da korar kaina. Bankinka ne bai ji ba. Kuɗinka na nan yadda suka shigo, gobe zan kai wa akawunka."

Wannan ya ɗan tsayar da shi, don bai zo da shirin jin haka ba. Ya yi ta maimaita cewa shi ba kuɗi ne damuwarsa ba, har ya kai bakin mota yana faɗa. Washegari na cire su na kai. Akawun ya ƙirga sau biyu, ya sa a durowa, ko na gode babu.

Ƙarshen wata na je banki don wata 'yar ajiya tawa, sai na tarar kuɗin lesin sun sake shigowa. Mutumin da ya tako har ƙofar gidana ya kore ni a gaban jama'a ya manta bai soke odarsa ba. Na kai wa akawu, na ce ya tuna masa. Wani watan suka sake shigowa. Da na gaji da zama ɗan aiken Alhaji tsakanin bankinsa da durowar akawunsa, sai na je na ce a rufe asusun gaba ɗaya. Ma'aikacin ya ce sai na faɗi dalili. Na ce kuɗi ne suka dame ni. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo mini inda zan sa hannu.

Yaron an tura shi wata makarantar kwana mai tsada a Kano don ya sake jarrabawa. Bai cika zango ba ya gudo ya koma gareji, kuma a can ya samu abin yinsa. Duk inda muka haɗu sai ya goge hannu a wando kafin ya gaishe ni.

Bayan an kwana biyu Hajiya ta aiko wa matata cewa tana roƙon in koyar da ƙanwar yaron, wadda ke shirin shiga sakandare. Ta ce ita za ta biya daga cinikin man gyaɗar da take yi a cikin gida. Na so in ƙi, matata ta ce yarinyar ba ta yi mini laifin komai ba. Na koma zauren nan dai, na kafa allona a inda na saba. Duk ƙarshen wata Hajiya takan tsaya a bayan ƙofar cikin gida mu gaisa, ta tambayi abin da yarinyar ta iya da abin da ya gagare ta, sannan ta miƙo kuɗin a ƙulle a leda.

Alhaji kan wuce mu a zaure in zai fita. Ranar farko na zaci zai yi magana. Sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, ana ta fama?" ya wuce. Har yarinyar ta ci jarrabawarta bai taɓa tambayar yadda aka yi na dawo gidansa ba, balle wanda ke biya. Ina jin ya ɗauka banki ne.